Yadda Ake Rage Fashin Makaranta a Firamare: Daga Rajista Zuwa Ƙofar Gida

Na daɗe ina riƙe da aji kafin a ba ni shugabancin makaranta, kuma ban ga abin da ke cin karatun yara a ɓoye kamar fashi ba. Yaron da ba a taɓa sa shi a makaranta ba, kowa ya san da zamansa. Ana ƙirga shi, ana taro a kansa, ana maganarsa a rediyo. Amma akwai wani yaron da sunansa ke cikin rajista, yunifom ɗinsa na rataye a ƙusa, ya zo Litinin da Talata, Laraba a neme shi a rasa, Alhamis ya ɓullo kamar ba abin da ya faru. Wannan ba mai ƙirga shi, domin a takarda ɗan makaranta ne. Sai ya kai aji shida a miƙa masa littafin 'yan aji biyu ya tsaya yana kallon rufin kwano, sannan a fara cewa yaran yanzu ba sa ganewa.

Abin da zan zayyana a nan na hedimasta ne da malamin aji da 'yan kwamitin SBMC, wato kwamitin mutanen gari mai kula da makaranta. Kayan aikin ba su wuce littafin rubutu guda, biro, ɗan katin waya, da ƙafar da za ta taka zuwa gidajen mutane ba.

Mataki na 1: Ka san inda fashi ya zama ciwo

A Amurka da Ingila hukumomin ilimi sun ja layi a wuri guda: yaron da ya rasa kashi 10 cikin 100 na kwanakin karatu, da uzuri ko babu, ya shiga sahun masu fashin da ya zama jiki. Ma'aunin ya yi mana daidai mu ma. Zango guda a wajenmu, in ka cire Asabar da Lahadi da ranakun hutu, kwana 60 ne da 'yan kai. Kashi goma kwana shida ke nan a zango, wato kamar kwana biyu a wata.

Kwana biyu a wata ba ya ɗaga hankalin kowa, shi ya sa yake ɓarna. To yi lissafin yarinyar da ke fashin rana ɗaya kowane mako saboda kasuwa. Ɗaya cikin biyar ke nan, kashi 20 cikin 100. Daga aji ɗaya zuwa aji shida ta zubar da fiye da shekara guda cur, alhali a gida ana cewa ai kullum tana zuwa.

Kalmar "da uzuri ko babu" ita ce malamai ke yi mini gardama a kai. Su ce yaron ai ba shi da lafiya ne, ko rasuwa aka yi musu. Gaskiya ne, kuma ba wanda zai hukunta shi. Sai dai darasin raba lamba da aka yi ranar bai jira shi ba. Muna ƙirga kwanakin ne don mu san wanda ke buƙatar a kama hannunsa.

Mataki na 2: Rajista ta faɗi gaskiya

Duk wanda ya koyar ya san yadda ake cika rajista in an ji mai duba makarantu na tafe. Malam ya zauna a gindin darbejiya ya jera kara tun daga Litinin har Juma'a, kowa ya zo, ba sifili ko ɗaya. Irin wannan rajistar ba ta da amfani ko na naɗe ƙosai. Kafin komai, hedimasta ya tara malamai ya yi musu alkawari a fili cewa ba wanda za a tsangwama don ajinsa ya nuna fashi da yawa. Muddin malami na tsoron sifili, ba zai rubuta shi ba.

Sannan a kafa ƙa'ida uku. Malamin aji ne ke kiran suna da bakinsa, ba monita ba, kuma ya ɗaga kai ya ga fuskar mai amsawa, don a aji mai yara tamanin murya ɗaya kan amsa "firazan sa" sau uku. A kira suna sau biyu, da safe da bayan an dawo daga tara. Rajistar ma da gurbin safe da na rana aka buga ta, mu ne muka mayar da su abu guda. Na uku, a tace sunayen da ba masu su: wanda iyayensa suka yi ƙaura, wanda aka tura almajiranci wani gari, wadda aka aurar, wanda Allah ya yi wa rasuwa. A ware su a shafi daban, kada su cakuɗe da masu fashi su ɓata lissafi.

Mataki na 3: Ka ƙirga yaro, kada ka ƙirga aji

Abin da muke aikawa ofishin sakataren ilimi jimilla ce: aji kaza, kashi 90 cikin 100 sun halarta. Adadin na da daɗin ji, amma duba abin da ya rufe. A aji mai yara 60, kashi 90 na nufin kullum shida ba su zo ba. In shidan nan suna juyawa ne a tsakanin yara 60, da sauƙi. In kuwa kullum daga cikin wasu yara 12 suke fitowa, to kana da yara 12 da kowannensu rabin zango kawai yake yi.

Saboda haka a buɗe littafin fashi, guda ɗaya ga makaranta duka, a ajiye shi a teburin hedimasta. Kowace Juma'a kafin a tashi, malamin aji ya shigar da duk yaron da ya yi fashi a makon: suna, aji, unguwa ko ƙauyen da yake fitowa, sunan uba ko mariƙi, lambar waya in akwai, da ainihin ranakun da bai zo ba. Ranakun nake so a rubuta da sunansu, Laraba ko Alhamis, ba "kwana biyu" kawai ba. Aikin minti goma ne.

Bayan wata guda sunayen za su rabu da kansu. Akwai masu kwana ɗaya, a bar su. Akwai masu kwana biyu ko uku, waɗannan su ne a bakin rami, kuma su suka fi saurin gyaruwa. Akwai masu mako guda ko fiye, waɗanda sai an tashi tsaye.

Mataki na 4: Ka bi sawun fashin

A nan ne aikin yake da daɗi. Ruwa ba ya tsami banza, kuma fashi na barin sawu kamar akuya a jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ka zauna da littafin nan ka jera ranakun, kafin ka tambayi kowa ka san rabin amsar.

Rana ɗaya tak kowane mako, kuma ba ta canzawa: kasuwa ce. Makarantar da ke kusa da Wudil ta san Juma'a, ta kusa da Maigatari ta san Alhamis, ta Potiskum ta san Laraba. 'Yan mata na talla, maza na dako ko kora dabbobi zuwa kara.

Yaron da ke makara Litinin da Talata da Laraba, amma Alhamis da Juma'a ya riga kowa zuwa, makarantar allo ta safe ce ke riƙe shi, don Alhamis da Juma'a ne hutunta. Na yi shekara biyu ina faɗa da wasu yara kan latti kafin in lura da wannan, kuma na ji kunyar kaina.

Yarinya 'yar aji biyar ko shida da ke ɓacewa kwana uku ko huɗu a jere kusan kowane wata, ba sai an yi dogon bincike ba. Al'ada ta fara, kuma makarantar ba ta da banɗakin da za ta shiga ta rufe ƙofa.

Wanda ya amsa da safe, bayan tara babu shi: ko yunwa, ko talla na jiransa, ko akwai malamin da yake tsoro a darasin rana. Duba jadawali ka ga wa ke shiga ajin a ranakun.

Fashin da ya zo dunƙule a Yuni da Yuli na shuka ne da noman fari. Na Satumba zuwa Nuwamba ko girbin gero da cirar gyaɗa da roron wake, ko zazzaɓin cizon sauro, wanda a ƙarshen damina yake kwantar da gida guda. In kuma ka ga duk masu fashin wata rana daga ƙauye ɗaya suke, tambayi ko rafi ya kawo. Amfanin rubuta unguwa ke nan.

Akwai sawun da ke nuna mu malamai. In aji ya zama fayau washegarin ranar da aka ce kowa ya zo da kuɗin jarrabawa ko tsintsiya, ka san dalili. In makon farko da na biyu na zango ba kowa, saboda iyaye sun san shara da cirar ciyawa kawai ake yi. Ba su yi ƙarya ba.

Mataki na 5: Tambayi yaron, shi kaɗai

Kada a tsayar da shi gaban aji. A kira shi gefe lokacin tara, bulala ba ta hannu, a ce: "Jiya ban gan ka ba, lafiya dai?" Amsar farko kusan kullum "ba ni da lafiya" ce, don ya san ita ce ba a dukan mutum a kanta. A yi haƙuri a ƙara tambaya: wa ya tashe ka yau, me ka ci, da wa kuke tahowa, wa ke cin zalinka a hanya. Yarinya kuma malama ce za ta tambaye ta. In makarantar ba malama ko ɗaya, kamar yadda yake a ƙauyuka da yawa, a nemi wata dattijuwa daga matan kwamiti.

Mataki na 6: Iyaye su ji adadin, kuma su ji da wuri

Yawancin iyaye ba su san yawan fashin 'ya'yansu ba. Uba ya fita tun asuba, a saninsa yaro na makaranta. Wasu masu bincike biyu, Todd Rogers da Avi Feller, sun gwada wani abu a makarantun birnin Filadelfiya na Amurka, suka wallafa sakamakon a 2018. Sun gano iyaye na ɗaukar fashin 'ya'yansu bai kai yadda yake a zahiri ba, sai suka riƙa aika musu takarda mai ɗauke da jimillar kwanakin da yaron ya rasa. Wannan kaɗai ya rage yawan masu fashi mai tsanani da kusan kashi goma cikin ɗari. Ba wa'azi, ba barazana, adadi kawai.

Mu ma haka za mu yi, da abin da muke da shi. Yaro ya cika kwana biyu a wata, a kira waya ko a tura saƙon murya ta WhatsApp. In takarda ce, a tuna cewa dattawa da yawa sun fi karanta ajami a kan boko. Saƙon ya zama gajere: "Salamu alaikum Malam. Daga makarantar su wane ne. A watan nan kwana huɗu bai zo ba, Laraba biyu da Alhamis biyu. Mun ce bari mu ji ko lafiya." Kada a bai wa yaron takardar ya kai da kansa, za ta ƙare a kwata.

In saƙo bai yi ba, zuwa da kai ya fi aike. Amma ziyarar gida na da ladabinta, kuma a nan malamai matasa ke ɓata rawarsu da tsalle. Kada ka je da safe, maigida na gona ko kasuwa. Je bayan la'asar, ka yi sallama a zaure, a shimfiɗa tabarma, a gaisa har gaisuwa ta ƙare: gida, iyali, gajiya, ruwa. Ka fara da abin kirkin da ka sani game da yaron, ko da iya share allo ne. Sannan ka buɗe littafi ka nuna ranakun. Ka ce, "Baba, mun zo neman shawara ne, yaya za mu yi yaron nan ya daina rasa karatu?" Wanda aka zo neman shawararsa ba ya tashi da faɗa. Wanda aka zo yi wa faɗa a ƙofar gidansa, gaban maƙwabta, ko ya san kai ke da gaskiya ba zai bi ba.

Ka kuma san wa ke da ta cewa. Maganar gona da kiwo ta uba ce. Maganar talla da raino da ɗiban ruwa ta uwa ce, kuma kai namiji ba ka shiga cikin gida. In ka ƙare zancenka a zaure, maigida zai ce "in sha Allahu za a gyara", Laraba ta zagayo yarinya ta ɗauki farantinta. Dole mace ta shiga ta zauna da uwar.

Mataki na 7: Kowane dalili da maganinsa

Talla ta fi kowanne wuya, don haka bari in tsaya a kanta. Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu da muka yi fama da ita, mai kaifin kai, amma duk ranar kasuwar ƙauyen da ke kusa da mu ba ta zuwa. Na tura malama gidansu. Ta tarar da uwar a tsugune gaban kasko tana suyar awara, hayaƙi na shiga mata ido. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malama, na ji. To kayan ɗakinta fa, ke za ki saya mata? Ubanta ko cokali ba zai saya ba." Malamar ta dawo ba ta da amsa, ni ma ba ni da ita. Cewa uwar nan ta bar talla daidai yake da cewa ta bar 'yarta ta shiga gidan miji da kunya.

Da muka sake komawa sai muka bar maganar a daina, muka koma maganar lokaci. Kasuwar ƙauye ba ta cika sai rana ta take. Muka daidaita: yarinya ta zo da safe ta yi darasin Hausa da lissafi da Turanci, waɗanda dama su ne a farkon jadawali, ƙarfe goma sha biyu a sallame ta, ta tarar an gama suya. Na san akwai masu cewa wannan ɗaure wa talla gindi ne. Ni dai na gwammace in sami awa huɗu a kan in rasa yini, kuma yarinyar ta gama aji shida tana karanta wasiƙa. Abin da na ƙi yarda da shi shi ne tallar dare da ta tasha, wannan kam a gaya wa uwa gaskiya ko ranta zai ɓaci.

Gona ma haka. Ba manomin da zai bar gyaɗarsa ta tsiro a ƙasa saboda jadawalinka. A zauna da iyaye tun farkon zango a yanka kwanaki sanannu, misali uku na cirar gyaɗa, a kan sharaɗin sauran aikin a yi shi da yamma da Asabar da Lahadi. Fashin da aka san ranar ƙarewarsa ya fi wanda aka bari a buɗe. In gari duka manoma ne, hedimasta da kwamiti su nemi izinin sakataren ilimi a matsa da lokacin tashi na 'yan makonni. Yaran rugage kuwa, a nemi a riƙa karɓa-karɓar kiwo tsakanin 'yan'uwa. Tun 1989 akwai hukumar ilimin makiyaya ta ƙasa mai hedikwata a Kaduna, in akwai makarantarta kusa a haɗa kai da ita.

Makarantar allo ba abokiyar gaba ba ce, kada ka kuskura ka sa uba ya zaɓa tsakaninka da alaramma, don ka san wanda zai zaɓa. Ka je da kanka, ka durƙusa ka gaida shi: "Allah gafarta Malam, alfarma muka zo nema, ko za a riƙa sallamar 'yan boko da wuri su samu su karya." Ban taɓa zuwa da ladabi aka mayar da ni hannu rabbana ba.

Ciwo kuma a haɗa kai da asibitin sha-ka-tafi na gari. Yaro ya kwana biyu da zazzaɓi, a matsa wa iyaye su kai shi a yi gwaji, a kuma riƙa tuna musu gidan sauro. Maganin tsutsar ciki na da tasirin da mutane ba sa zato: a yankin Busiya na ƙasar Kenya, binciken Edward Miguel da Michael Kremer a makarantu 75, wanda aka buga a 2004, ya nuna raba maganin ya rage fashi da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Idan ma'aikatan lafiya za su zo rabon maganin tsutsa ko na tsargiya, a sanar da iyaye tun da wuri ta bakin liman da mai unguwa don a toshe jita-jita, a kuma tabbatar yara sun ci abinci kafin su sha. Mai sikila a bar shi ya sa rigar sanyi a kan yunifom lokacin hunturu, kada a tsayar da shi a asembili cikin iska.

'Yan mata masu tasowa buƙatarsu ba ta da tsada: banɗaki nasu su kaɗai mai ƙofa da sakata, buta da ruwa, da malama guda da ke ajiye audugar mata da zane a kabad, wadda yarinya za ta raɗa wa magana ba tare da aji ya ji ba. In kwamiti zai yi aikin gayya guda a shekara, ya yi wannan.

Mataki na 8: Ka duba abin da makarantar ke yi da ke korar yara

Lokacin da na karɓi makaranta na tarar da al'ada: ƙarfe takwas a ja ƙyaure, duk wanda ya makara ya durƙusa a ba shi bulala biyar. Wata safiya na tsaya daga bayan katanga maimakon bakin ƙofa. Sai ga yara uku sun taho da gudu, jakar buhu na dukan bayansu. Da suka kai kwana suka hango layin masu durƙuso, suka yi cirko-cirko, babban ya ce wani abu, suka juya suka shige wani kango. A can suka wuni har aka tashi, suka bi ayari zuwa gida. Da bulalarmu muka mayar da lattin minti goma ya zama fashin yini guda. Tun ranar na ce mai latti ya shiga aji, a rubuta sunansa, in ya yi sau uku a bi sawu kamar yadda ake bin na fashi.

Haka korar yaro don ba yunifom ko takalmi, ko don bai kawo kuɗin ƙungiyar iyaye da malamai (PTA) ba. Dokar UBE ta 2004, wato dokar ilimin matakin farko ga kowa, ta ce karatun shekara tara na farko kyauta ne kuma dole. Yaron da ka kora yau kan naira ɗari, sai ka yi sawu uku kafin ka dawo da shi.

Sai fashin malamai, wanda ba ma son a taɓo. Yaro ya tako kilomita uku ya zauna tun safe ba wanda ya shigo ajin, gobe in uwarsa ta ce ya tsaya ya yi raino me zai ce? Hedimasta ya fara da littafin sa hannun malamai kafin na yara. In malami ba ya nan, a haɗa aji ko shi hedimastan ya ɗauki alli. Kuma ranar farko ta zango a yi darasi na gaske, a ba da aikin gida, labari ya kai gari cewa an fara.

Abinci na jawo yara, ba musu. An gani a Kaduna da aka fara ciyarwa a farkon 2016, an kuma gani a shirin gwamnatin tarayya na 'yan aji ɗaya zuwa uku. Amma duk malamin da ya zauna a makarantar da ake rabo ya san masu zuwa da kwano su ci su zame. In kuna da ciyarwa, a yi rabon bayan an ci ƙarfin darussa, a kuma kira sunan rana bayan an ci.

Mataki na 9: Manyan gari, sannan doka

Wanda saƙo da ziyara biyu ba su motsa ba, a kai sunansa zaman kwamitin SBMC, inda dama akwai wakilin masu sarauta da malaman addini da mata. Mai unguwa ya kira uban a keɓe. Liman ya taɓo maganar a huɗuba ba tare da kama suna ba. In ta ƙi, a je gaban dagaci. Kalma ɗaya daga bakin "ranka ya daɗe" ta fi takardata goma.

Dokar 2004 ta tanadi hukunci ga uban da ya ƙi kai ɗansa: karon farko gargaɗi, na biyu tarar naira 2,000 ko ɗaurin wata ɗaya, bayan haka naira 5,000 ko wata biyu. Yana da kyau iyaye su san da ita. Amma tarar ba ta tsorata kowa a yau, kuma ranar da ka kai uba gaban hukuma ka rasa shi, ka rasa danginsa. Ni ban taɓa kaiwa nan ba.

Akwai fashin da ba a matsa wa kowa a kansa. Bayan sace ɗalibai da aka yi a Ƙanƙara a Disambar 2020, da Jangebe a Fabrairun 2021, da Kuriga a Maris ɗin 2024, uban da ya ce hankalinsa bai kwanta da hanya ba yana da hujja. A nan aikin kwamiti shi ne tsara tafiya a ayari da rakiyar manya, da yarjejeniyar yadda za a sanar da gari in an ji ƙishin-ƙishin. Kada hedimasta ya ba da tabbacin da ba shi da iko a kai.

Mataki na 10: Ranar da ya dawo

Duk wahalar nan kan rushe cikin daƙiƙa ɗaya. Yaro ya yi mako biyu ba ya nan, an sha fama an dawo da shi, ya shigo yana raɓe-raɓe, sai malam ya ce, "A'a, yau baƙo muka yi! Ku tafa masa." Aji ya fashe da dariya. Gobe ba za ka gan shi ba. A hana wannan. A ce masa sannu da zuwa, a zaunar da shi kusa da wanda zai ara masa littafi ya kwafi abin da ya wuce, malam ya ba shi minti goma sha biyar lokacin tara na 'yan kwanaki. Da yawa daga masu fashin aji huɗu zuwa shida ba talla ke hana su ba, ba gona ba. Ba su iya karatu ba ne, kuma sun gaji da jin kunya in an ce su tashi su karanta. Irin waɗannan a haɗa su rukuni, a koma da su kan baƙi da wasali da Hausa, ko da sun yi tsawo.

Yabo ma a gyara shi. Kyautar wanda bai taɓa fashi ba kullum 'ya'yan malamai da na masu hali ke cinye ta. A ƙara da ta wanda ya fi kowa gyaruwa: wanda ya yi fashin kwana takwas a watan jiya, wannan watan ya yi biyu, a kira shi a asembili a ba shi sabulu ko littafi, a kuma aika wa uwarsa godiya.

Ƙarshen zango a sake jera sunayen a gwada da na watan farko: nawa suka fita daga layin kashi goma, nawa suka shiga, wace unguwa ce har yanzu ba ta motsa ba. A karanta wa kwamiti adadin, ban da sunaye. Ƙarshen shekara kuma malamin aji uku ya miƙa wa na aji huɗu jerin masu fashinsa hannu da hannu, da dalilin kowanne da wanda ake yi wa magana a gidansu. Ana saura mako guda a dawo hutu, a raba sunayen nan tsakanin malamai da matan kwamiti, kowa ya ɗauki gida biyar ko shida ya leƙa ya ce Litinin ake komawa, kuma ranar za a fara darasi.